Wata goma sha ɗaya muna fama da rabon gadon Baba

Baba ya rasu cikin Nuwamban 2022, wata Laraba da asuba, kuma wallahi ko sadakar bakwai ba a yi ba maganar dukiya ta fara leƙowa. Ba wai faɗa aka fara ba, a'a, ƙananan maganganu ne dai irin na cikin gida, wa ke riƙe da makullin ɗakinsa, wa ya ɗauki wayarsa, ina katin ATM. Mu goma sha ɗaya ya bari a raye, maza shida mata biyar, da mata biyu, Umma wadda ta haife ni da Anti amarya, sannan mahaifiyarsa Hajiya Kaka tana nan da ranta lokacin. Akwai kuma babban yayanmu da ya riga Baba rasuwa tun 2019 ya bar yara uku, ku riƙe wannan a ranku don za mu dawo kansa.

Ni ba ni ne babba ba, akwai Yaya a gabana, amma da yake ni na ɗan yi boko kuma ni Baba ya rubuta a banki a matsayin nes of kin, sai kowa ya ɗauka ai shikenan kuɗin yana hannuna. Ni kaina haka na ɗauka. Na sa babbar riga na tafi banki da takardar asibiti ina tunanin cike fom kawai zan yi a miƙo min. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni, ta yi min gaisuwa, sannan ta ce Malam nes of kin fa ba magaji ba ne, mutum ne kawai da za mu nema in wani abu ya samu mai asusu, ba shi ke ba ka ikon taɓa ko kwabo ba. Ta ce tunda na sanar da su rasuwar yanzu za su kulle asusun, kuɗi zai iya shiga amma ba zai fita ba sai na kawo takardar kotu. Na fito ina jin kamar ni na jawo mana, da na yi shiru.

Toh ashe gara da aka kulle ɗin. Don da muka karɓi sitatimen daga baya sai muka ga an cire dubu ɗari da hamsin da katin Baba kwana biyu bayan an binne shi. Ƙanina ne, kuma bai ɓoye ba, ya ce shinkafa da ruwan leda ya saya wa 'yan zaman makoki. Gaskiya ya faɗa, amma Baffa, ƙanin Baba, ya ce masa ko da niyya mai kyau ce daga lokacin da rai ya fita kuɗin nan ba na Baba ba ne kuma ba naka ba ne, akwai haƙƙin yara ƙanana a ciki, su kuwa ba a yi musu sadaka da dukiyarsu. Abin da ke fita daga dukiyar mamaci kai tsaye shi ne likkafani da haƙar kabari da abin da ya shafi jana'iza, abincin baƙi ba ya ciki. Ƙarshe sai da aka rubuta kuɗin a kansa aka cire daga kasonsa. Ya yi fushi na sati biyu ya huce.

Ana cikin haka ga maganar canjin kuɗi. Kun tuna Babban Banki ya sake fasalin 200 da 500 da 1000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mu kuma da aka buɗe akwatin ƙarfen Baba gaban Baffa da limamin unguwa sai ga tsabar kuɗi miliyan biyu da ɗoriya, duk tsofaffi, a ɗaure da kyauro. Ba a raba gado ba, matan suna takaba, kuɗi kuma na shirin zama takarda. Asusun wa za a zuba? Duk wanda aka ambata sai wani ɓangare ya yi tsaki. Abin da muka yi shi ne aka ƙirga a gaban kowa, aka rubuta adadin a takarda, mutum huɗu suka sa hannu, aka zuba a asusun Baba ɗin nan da aka kulle tunda shiga ba ta da matsala. Wannan ita ce dabara ta farko mai kyau da muka yi, kuma ba tawa ba ce, ta wata ƙanwata ce.

Maganar zuwa kotu ita ta fi ɗaukar lokaci kafin a yarda. Umma cewa ta yi ita ba za a kai sunan mijinta gaban alƙali ba kamar wanda ya bar 'ya'yan da ba su da tarbiyya, a kira malami ya raba a tsakar gida. Kuma gaskiya ana yin hakan, halal ne, in duk magada manya ne kuma sun yarda. Amma mu akwai yara uku na Anti da ba su balaga ba, akwai kuɗi a banki da ba zai fita da takardar malami ba, akwai gida mai satifiket. Baffa ne ya lallashe ta, ya ce Hajiya ba ƙarar kowa za a kai ba, neman rabo ne kawai, gobe in babu ni babu ke takardar alƙali ce za ta hana jikokinki zagin juna. Sai da suka fita takaba, wata huɗu da kwana goma, sannan muka shigar da buƙatar a Babbar Kotun Shari'ar Musulunci da ke ɓangarenmu a nan Kano.

Kafin nan na yi yawon takardu. Takardar da asibiti ta ba mu daban, takardar shaidar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa daban, kuma ita banki suka fi nema. Sai wata matsala da ban taɓa kawowa a rai ba, sunan Baba a banki an rubuta shi da wani salo, a katin ɗan ƙasa da wani, a satifiket ɗin gida ma har da sunan unguwarsu ta asali a ƙarshe. Mutum ɗaya suna uku. Sai da na yi takardar rantsuwa a kotu cewa duk shi ne. In mahaifinku na raye ku duba masa wannan tun yanzu, aikin yini ɗaya ne in yana nan, in ba ya nan kuwa sai ka yi ta neman wanda zai tsaya maka.

Zaman farko a kotu bai kai minti arba'in ba. Alƙali ya tambayi wa ya rasu, yaushe, su waye magada, ya ce a kawo shaidu biyu da ba su da kaso a ciki waɗanda suka san gidan, su tabbatar da rasuwar da adadin magadan. Liman da wani maƙwabcinmu suka tsaya. Sai ya yi wata tambaya da ta sa kowa ya sunkuyar da kai, ko akwai mai juna biyu cikin matan. Babu. Ya ce da akwai da sai an jira ta haihu kafin a raba komai. Ya tambayi ko akwai sauran sadaki da ba a biya ba, don shi ma bashi ne. Sannan ya ce a je a kawo jerin duk abin da mamaci ya bari, har agogo da tabarma, da jerin masu binsa da waɗanda yake bi.

Bashi kam mun sha mamaki. Baba ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa a Kantin Kwari, kuma kun san harkar Kwari yawanci amana ce, a ɗauki kaya a biya in an sayar. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubutu da ajami, wannan littafin shi ya cece mu. Duk wanda ya zo da magana sai mu duba, in yana ciki ba gardama. Amma mutum biyu suka zo da ba sa cikin littafin. Na farko ya ce yana bin dubu ɗari takwas, ya kawo shaidu biyu 'yan layinsu, kuma duk da shaidun sai da alƙali ya sa shi ya rantse cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, ya ce haka ake yi wa mai bin mamaci tunda wanda zai musa ba ya nan. Ya yi alwala ya rantse aka rubuta masa. Na biyun da aka ce ya kawo shaida ya ce zai dawo, har yau ba mu sake ganinsa ba. Ban ce ƙarya ya yi ba, Allah ne masani, ni dai abin da na gani na faɗa.

Yanzu ga inda gidanmu ya kusa tsagewa biyu. Yaya ya fi shekara goma sha biyar yana zaman shago da Baba. Shagon haya ne amma kayan ciki da jarin duk na Baba ne. Kuma ni kaina na sha jin Baba da bakinsa yana cewa shagon nan ai na Yayanku ne, ni rakiya nake yi. Ya faɗa a gida, ya faɗa a kasuwa, ba wanda bai ji ba. Don haka Yaya ya ce kayan shago ba sa cikin gado, kyauta ce. Alƙali bai musa cewa an faɗa ba, tambayoyi kawai ya jero masa. Bayan da ya faɗi hakan, wa ke riƙe da makulli? Baba. Wa ke zuwa sari ko ya aika? Baba. Ribar wa ke ɗauka, sunan wa ke kan rasit ɗin haya? Shiru. Sai alƙali ya yi bayani a hankali cewa a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta ga baligi ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, abin da malamai ke kira hauzi. In mai kyauta ya ci gaba da riƙe abinsa har ya mutu, ta koma gado. Yaya ya ce to a ɗauke ta a matsayin wasiyya mana. Aka ce masa babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun amince, kuma ko sun amince ba wanda zai amince a madadin yara ƙanana.

Abin da ya ƙara wa Yaya zafi shi ne a zama ɗaya aka tabbatar wa Anti nata. Akwai wani fili a bayan gari da Baba ya ba ta tun 2017, mu ba mu ma so a yi zancen ba, muna ganin shi ma a jefa shi cikin gado. Sai ta buɗe jaka ta fito da takarda, rubutun hannun Baba, sa hannun mai unguwar wurin da shaidu biyu, ga kuma katanga da ta zagaye filin da kuɗin adashinta, maginin ma ya zo ya yi shaida. Alƙali ya ce wannan nata ne, ba ya cikin lissafi. A mota muna dawowa Yaya bai ce uffan ba sai da muka kusa gida ya ce, wato ni da na ba shi ƙuruciyata ban da takarda. Ban san me zan ce masa ba. A raina na san an bi ƙa'ida, kuma a raina na san Baba da gaske yake lokacin da yake faɗa, kawai dai irin mutanen da ne, gani yake in ya miƙa makulli kamar ya sallama rayuwa.

Banki biyu Baba ke da su, na biyun ma ta alat ɗin wayarsa muka gano. Ɗaya ya karɓi wasiƙar kotun Shari'a ya tura kuɗin ba wata wahala. Ɗayan ya ce shi sai leta of administireshan, wato takardar izinin kula da dukiyar mamaci, daga sashen kula da dukiyar mamata na Babbar Kotun Jiha. Nan ma wani karatun ne. An ba mu fom, ciki har da wanda banki zai cike ya faɗi nawa ne a asusun, aka ce mutum biyu za su tsaya a matsayin masu kula da dukiyar, ni da Yaya muka tsaya, da masu tsaya mana su ma, da hotuna da katin shaida. Aka buga sanarwa a jarida aka jira kwana 21 ko wani zai fito ya ƙalubalanta, sannan aka biya wani kaso da ake yankawa bisa yawan dukiyar. Tsofaffi har yanzu ushira suke kiran irin wannan kuɗin. Ku karɓi rasit a kan duk abin da kuka biya, ko na fotokwafi ne, don ranar lissafi 'yan'uwanka za su tambaye ka, kuma suna da gaskiyar tambaya. Leta of administireshan ɗin nan ita kaɗai ta ci mana kusan wata huɗu.

Gida da kayan shago kotu ta turo masu ƙima suka yi musu kuɗi, mu ma aka ce in ba mu gamsu ba mu kawo namu dillalin a kwatanta. Gida ya tashi miliyan 22, kayan shago miliyan 9. Da aka haɗa da kuɗin banki aka cire bashi da ɗawainiya, abin da ya rage miliyan 36 ne. Wasiyya babu, da akwai da ita za a fitar bayan bashi, kuma ba ta wuce sulusi, ɗaya bisa uku.

Rabon kansa, abin da muka yi wata da watanni muna tsoro, bai ɗauki rabin awa ba. Matan aure sumuni ne nasu tunda akwai 'ya'ya, ɗaya bisa takwas, miliyan huɗu da rabi su raba biyu, ba wai kowacce sumuni ba kamar yadda Anti ta zata. Hajiya Kaka sudusi, ɗaya bisa shida, miliyan shida. Sauran miliyan 25 da rabi namu ne, namiji rabon mace biyu, maza shida mata biyar ya zama kaso 17, kowace mace miliyan ɗaya da rabi kowane namiji miliyan uku. Baffa da gwaggonninmu ba su da komai tunda akwai 'ya'ya maza, kuma Baffa tun kafin a faɗa ya riga ya sani.

Sai matar marigayi yayanmu, wadda ta zo da yaranta uku tana zaune a baya tun farkon zaman, ta miƙe ta ce ranka ya daɗe su fa? Alƙali ya sassauta murya ya ce mata jika ba ya gado in akwai ɗa namiji a raye, mahaifinsu ya riga kakansu tafiya, ba a gadon abin da mutum bai mallaka ba. Da Baba ya yi musu wasiyya da ta tsaya, don su ba magada ba ne, har zuwa sulusi. Bai yi ba. Kuma wallahi Baba na son yaran nan fiye da wasunmu, shi ke biya musu makaranta. Alƙali ya karanto mana aya ta 8 cikin Suratun Nisa'i, wadda ta ce in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu, ya ce wannan ba zan tilasta muku ba, amma kun ji. A harabar kotun muka tsaya mu manya kowa ya faɗi abin da zai iya, aka rubuta, ba a taɓa na ƙananan ba. Yaya da ake ganin shi ya fi kowa jin ciwo shi ya ba da mafi yawa.

Saura gida. A takarda an ce naka miliyan uku, amma a zahiri ɗaki ne da tsakar gida da rijiya, kuma Umma shekara talatin da wani abu tana ciki. Alƙali ya tambaya ko cikin magada akwai mai saye kafin a kai kasuwa. Muka haɗa kason Umma da na 'yan ɗakinmu ban da Yaya, bai kai ba, saura miliyan shida da 'yan kai. Hajiya Kaka ta ce a bar nata kason a cikin gidan, ina za ta kai kuɗi da tsufanta. Ni kuma da abin Yaya ya riga ya koya min hankali na ce Hajiya kyauta ce ko rance, a faɗa gaban alƙali a rubuta. Ta yi dariya ta ce kai ɗan boko, rance ne, in na tashi zuwa Umara ku biya ni. Aka rubuta rance. Na cika ragowar daga aljihuna. Yaya ya ɗauki kayan shago, aka cire kasonsa, sauran miliyan shida ya zama bashi a kansa na ɓangaren Anti, zai biya kashi-kashi, da mai tsaya masa. Kuɗin yaran aka damƙa amanarsa ga Anti da Baffa tare, da sharaɗin ba a taɓawa sai da sanin kotu. Kowa aka ba shi takardar mallaka. Oktoban 2023 kenan.

Na zata an gama, ashe takardar kotu ba ita ke canza suna a satifiket ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, mu satifiket ɗin da muke taƙama da shi izinin zama ne na shekara 99, kuma sauya shi zuwa wani suna sai an bi ta ofishin filaye, a nan Kano ta KANGIS. Da na je aka buɗe fayil sai ga kuɗin ƙasa na shekara-shekara da Baba bai biya ba tun da daɗewa, ni ban ma san ana biyan wani abu a kan gidan da mutum ya gina da kansa ba. Da mun sani da an sa shi cikin bashin mamaci tun kafin rabo, yanzu kuwa ya faɗo kan mu da muka karɓi gidan.

Hajiya Kaka ba ta je Umarar ba. Ta rasu bayan wata takwas da rabon. Miliyan shidan nan da ke cikin ginin gidanmu ta zama gadonta, kuma magadanta su ne Baffa da gwaggonninmu biyu, shi uku su ɗaya da rabi kowacce. Mu 'ya'yan Baba ba mu da ko sisi, mahaifinmu ya riga ta tafiya, hukuncin da aka karanta wa matar yayanmu shi aka karanta mana, a kotu ɗaya, a kan benci ɗaya. Gwaggo ƙarama ta yafe nata, kuma a ranar na kai ta ta sa hannu gaban shaidu tana ta min tsiya wai ban yarda da ita ba. Na Baffa da na Gwaggo babba muna biya duk ƙarshen wata, saura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.